Zaman maƙwabta a Madawa, Buza da Keita

In magariba ta gabato a Tamaske, ko Buza, ko cikin unguwannin Madawa, sai a ga yara suna fitowa daga gidaje, kowane da kwano rufe da faifai. Wannan ya yi gabas, waccan ta yi yamma. Aike aka yi musu. Yaro ya shiga gidan da ke jikin nasu, ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce: «Inna, wai ga shi in ji innarmu.» Uwar gida ta karɓa, ta sa albarka, ta juye tuwon cikin nata kwano. Sau da yawa ba ta bari kwanon ya koma wayam. Takan zuba ɗan abin da ta dafa, ko ta sa dunƙulen fura, ko ta ba ɗan aike ƙuli-ƙuli. Wannan al'ada ita ake kira ciyayya.

Ciyayya tana da wani amfani da ido ba ya gani nan da nan. In kullum kwano yana shiga yana fita, to ran da wani gida bai ɗora tukunya ba, ba mai gane wane ne ya bayar, wane ne ya karɓa. Yaran gidan sun ci, mai gidan kuma bai ji kunya ba. Roƙo abu ne mai nauyi ga magidanci. Akwai wanda zai kwana biyu da yunwa bai buɗe baki ba. Saboda haka uwar gida mai hankali takan sa kunne. In ba ta ji ƙarar turmi ta bayan darni ba, ba ta kuma ga hayaƙi ya tashi ba, ta san abin da ake ciki. Ba ta tambaya. Sai dai ta ƙara hatsi cikin turminta.

Wane ne maƙwabci?

Gundumomin Keita, Buza da Madawa suna cikin jihar Tawa. Keita ce a arewa, Buza a tsakiya, Madawa a kudu, kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram. Gundumar Madawa ta yi iyaka da Najeriya. Yankin Keita da Buza ƙasar Adar ce, ƙasar tudu da duwatsu, wadda kwaruruka suka ratsa. Manyansu su ne kwarin Keita da kwarin Majiya. Wajen Madawa kuma akwai kwarin Tarka, inda ake noman albasa da rani.

Mutanen da ke zaune nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai Adarawa, akwai Gobirawa. Akwai Abzinawa, kamar Lisawan na Keita da Kel Geres na Azarori da Galma. Akwai Fulani da garkunansu. Kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha, kuma kusan kowa yana jin Hausa.

Malamai suna cewa addini ya girmama haƙƙin maƙwabci ƙwarai, har ya kusa kai na magaji. Ba a ware musulmi kaɗai ba, ba a kuma ware dangi kaɗai ba. Waɗansu malamai sun ƙidaya gida 40 ta kowace kusurwa, suka ce duk maƙwabta ne. A ƙauye mai gida 100, wannan lissafi ya haɗa kowa da kowa.

Amma manomi yana da wani maƙwabci bayan na gida, shi ne maƙwabcin gona. Tsakaninsu akwai iyaka: ko jerin gamba, ko ƴan duwatsu, ko wani itace da kakanni suka shaida. Mutum yana iya tashi daga unguwa in zama ya yi tsami. Gona kuwa ba ta ɗaukuwa. Shi ya sa rigimar iyaka take daɗewa, har ta wuce daga uba zuwa ɗa.

Gayya, biki da habbanaye

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya ga ana rufin ɗaki ya san dalili. A ƙasa ake ɗaure jinka, a baibaye ta da shuci. In an gama, sai mai ɗaki ya kira maza na kusa. Su kewaye ta, su ɗaga gaba ɗaya, su aza bisa gini. Aikin bai fi na minti kaɗan ba, amma mutum ɗaya ko ya shekara ba zai iya ba. Haka ma manyan rumbunan laka na Adar: mata su kawo ruwa, samari su cuɗa ƙasa, magini yana bisa ana miƙa masa.

Gayya ita ce babbar wannan taimakekeniya. In ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya sa rana, ya gaya wa samari. Ya tanadi fura da goro, wani lokaci har da tuwo da nama. Ran gayya a jera cikin kunya-kunya, makaɗi yana biye da ganga yana kiran sunan wanda ya wuce gaba. Kafin azahar an gama aikin da zai ci mutum ɗaya kwana goma. Akwai kuma gayyar da ba a jiran fura: ta gonar majinyaci, ko ta matar da mijinta ya rasu da damina. Wannan bayan sallar asuba ake shirya ta a ƙofar masallaci, kowa ya ɗauko hauyarsa.

Yanzu gayya ta ragu. Samarin Adar da yawa suna tafiya biɗa, waɗansu Abijan, waɗansu Legas, waɗansu Libiya ko Aljeriya. Akwai masu dawowa da faɗuwar ruwa, akwai masu yin shekaru. Wanda ya aiko da kuɗi, sai a ɗaukar masa ƴan ƙodago. Aiki yana yiwuwa, amma ɗan ƙodago in an biya shi magana ta ƙare. Ɗan gayya kuwa ya san ran da ciyawa ta kama tasa gonar, ba shi kaɗai zai duƙa ba.

A garakan albasa na kwarin Tarka taimakon ya ɗauki wata kama. Wanda injin ban ruwansa ya lalace ba ya iya jira har ran kasuwa, don albasar dashe ba ta haƙuri da ƙishirwa. Sai maƙwabcin garka ya ara masa nasa, shi kuma ya sa mai. Wanda irinsa ya ƙone a wurin reno, a ɗibar masa na kusa. In an cire albasa an kai rudu, wato rumfar ajiya, mai kwana a garka yana sa ido ga rudun maƙwabci kamar nasa.

Mata suna da nasu tsari, wanda ake kira biki. In wata ta haihu, ko tana aurar da ɗiya, ƙawayenta da maƙwabta su kawo gudummawa: kuɗi, ko hatsi, ko turmin zane. Ba a mantawa da abin da kowace ta kawo. Ran da hidima ta zo ga mai bayarwa, sai a mayar mata, bisa al'ada har a ninka. In abin ya yi yawa ya fi ƙarfin aljihu, sai su biyun su yarda a karya, a koma ƙasa a sake farawa. Biki kyauta ce, ajiya ce kuma. Ga kuma adashe, inda kowace take zuba abu kaɗan ran kasuwa, a ba mutum ɗaya ta kwashe. Daga wannan al'ada aka gina ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suka bazu har ƙauyukan jihar Tawa. Su asusu suke da shi, suna ba junansu rance a biya da ƴar riba, ƙarshen shekara su raba.

Fulani kuma suna da habbanaye. In dabbobin mutum sun ƙare, ɗan'uwa ko aboki ya ba shi aron saniya. Ya kiwata ta, ya sha nono. In ta haihu sau biyu ko uku, ƴaƴan nasa ne, uwar kuma a mayar wa mai ita. Bafulatani yana kula da saniyar habbanaye fiye da tasa, don amana ce. Matan ƙauyuka sun ɗauki wannan dabara da awaki: mai akuya ta ba marar akuya, in ta haihu a raba. Ta haka wadda ba ta da ko kaza take wayar gari da ƴan awaki uku ko huɗu a turke.

Abin da tsofaffi suke tunawa

Alherin lokacin yalwa yana da daɗi, amma ba shi ne tsofaffi suka fi ba da labari ba. In hira ta yi nisa da dare, zancensu yakan koma ga shekarun fari.

Na farko shi ne farin 1973 da 1974. Ruwa ya yi ƙaranci shekara bayan shekara, dabbobi suka mutu, makiyayan arewa suka gangaro kudu hannu wofi. Cikin wannan hali ne soja suka karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, Seyni Kunce ya zama shugaban ƙasa. Bayan shekara 10, a 1984, fari ya sake dawowa. A wurare da yawa na Adar hatsi bai ko fid da kai ba. A shekarar nan ce kuma Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986. Hatsi da garin rogo da aka saba shigowa da su daga kudu suka yi wuyar samu. Shi ya sa mutane da yawa suke kiran wannan yunwa da sunan Buhari, wanda yake mulkin Najeriya lokacin da aka rufe iyakar.

Tsofaffin mata suna faɗin abin da aka ci. An ci anza, ƴaƴan wani ɗan itace mai ɗaci, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. An ci ganyen jiga da na tafasa. An ci dusa. Har gidan tururuwa an tona don a kwashi tsabar da ta tara. Yara suna jin wannan kamar tatsuniya, amma masu faɗi ba su dariya.

Abin lura shi ne yadda suke riƙe sunaye. Tsoho yana iya mance shekarar da ya yi aure, amma bai mance wanda ya auna masa tiya biyu ta hatsi ba. Tiya kwano ne na awo, tana ɗaukar hatsi wajen kilo biyu da rabi. Gida mai mutum goma ba ta kai shi ko'ina. Duk da haka, in jikan mai tiyar nan ya zo neman aure ko aron gona bayan shekara 40, sai ka ji tsoho ya ce a ba shi, gidansu gidan mutunci ne. Yaron ma bai san dalili ba.

Da dare ake irin wannan kyauta. Mai bayarwa ya bari sawu ya ɗauke, ya kai ƙwarya bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya juya. Wani kuma ya ce wa maƙwabcinsa: «Malam, ka bar mini yaron nan ya riƙa taya ni kiwo.» Kiwon ba wani kiwo ba ne, awakin ma sun ƙare. Hanya ce ta rage wa gidan baki ɗaya ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Gidaje da yawa sun kulle, masu su suka yi kudu. Waɗanda suka zauna su suka riƙa duba ɗakunan, su kori gara, su tare ɓarawo. Da ruwa ya sauka a 1985, sai wata matsala ta fito: iri. Wanda yunwa ta sa ya cinye irinsa, ko ruwa ya yi kamar da bakin ƙwarya, ba abin da zai shuka. Gwamnati da ƙungiyoyi sun raba iri, amma bai kai ga kowa a kan lokaci ba, shuka kuwa ba ta jira. Mai ɗan saura a gindin rumbu shi ya ɗebi zangarniya ya miƙa ta bisa darni.

Ba kowa ne ya yi haka ba, tsofaffi ma ba su ɓoye wannan. Akwai wanda ya rufe rumbunsa yana jiran tsada. Akwai wanda ya ba da bashin dami ɗaya a biya shi biyu da kaka. Akwai gonakin da aka jinginar don buhu guda, har yau ba su koma hannun masu su ba. Su ma waɗannan ana riƙe da sunayensu.

Don a rage irin wannan bashi ne aka kafa rumbunan tsimi a ƙauyuka. Da kaka, lokacin da hatsi yake da araha, kwamitin gari ya saya ya ajiye. In damina ta yi tsakiya, rumbunan gida sun yi ƙasa, kasuwa ta hau, sai a buɗe a sayar wa mutanen gari da sauƙi. Inda aka riƙe amana, rumbun tsimi ya taimaka a shekaru masu wuya kamar 2005 da 2010. Inda masu karɓar bashi suka ƙi biya, ko masu riƙon mabuɗi suka sa hannu, ginin kawai ya rage.

Iska da ruwa ba su san iyakar gona ba

Akwai ɓarnar da mutum ɗaya ba ya iya tarewa ko yana da ƙarfi da dukiya. Mutanen kwarin Majiya sun ga wannan da iska. Ƙasar kwarin tana da kyau, amma da itatuwa suka ƙare, sai iskar rani ta riƙa kwashe ta. Da farkon damina kuma iska ta turbuɗe shuka da rairayi, sai an sake shuka sau biyu ko uku.

A 1975 aka fara dasa itatuwan kare iska a kwarin. Wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar, ƙungiyar CARE kuma ta ba da taimako. Dogon yaro aka fi dasawa. Ana yin layi biyu kusa da juna, tsakanin itace da itace mita 4. Daga wannan jeri zuwa na gaba kuma mita 100. Ga dalilin wannan awo: jerin itace yana rage ƙarfin iska har nisan da ya kai tsawonsa sau goma. In dogon yaro ya kai mita 10, to ya kare mita 100 ke nan, daga nan jeri na gaba ya karɓa. Da shekaru suka tafi, tsawon layukan ya kai ɗaruruwan kilomita, awon da aka yi kuma ya nuna hatsi ya ƙaru a gonakin da ke tsakaninsu.

Amma layin itace miƙe yake tafiya, ba ya kauce wa gonar kowa. Wanda layi ya bi ta tasa ya rasa ƴan kunyoyi, inuwa da saiwa kuma suka rage masa amfanin gefen. Maƙwabcinsa na bayan iska bai rasa komai ba, sai riba. Ga masu dabbobi: sai da aka sa masu gadi, aka hana bisashe shiga har itatuwa suka yi ƙarfi. Wannan ya takura makiyaya da matan da ke kiwon awaki. Da itatuwa suka isa sara, sai tambaya ta taso: itacen na wa ne? Na mai gona, ko na duk waɗanda suka haƙa rami suka yi dashe? An daɗe ana zama a kan wannan magana kafin a shirya yadda za a riƙa sara da rabo. Dasa itacen ya fi raba shi sauƙi.

A Keita kuwa ruwa ne ya haɗa mutane. Tudun Adar in ya rasa ciyawa da itace, ƙasarsa takan daskare ta zama faƙo. Ruwan sama ba ya shiga faƙo. Sai ya taru ya gangaro da gudu, ya haƙa kwazazzabo, ya cinye gonar da ke gangare, ya kai yashi ya zuba a fadama. Mai gonar fadama ko ya yi shinge bakin iyakarsa, aikin banza ne, don ɓarnar daga bisa ta taso, daga ƙasar da ba tasa ba. Dole a tare ruwan tun daga kan tudu.

Wannan shi ne aikin da aka fara a 1984, wanda aka sani da furojen Keita. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikin tare da gwamnatin Nijar, hukumar PAM kuma ta ba ma'aikata abinci a madadin lada. A kan tudu an yi kunyoyi masu tsawo an daɓe su da duwatsu. A jikin tsaunuka an haƙa ramuka jere-jere, kowane da ɗan itace, kamar bagaruwa da danginta masu ƙaya. A cikin koramu an gina madatsai don ruwa ya tsaya ya nutse. Cikin shekaru kamar 20 an dasa itace wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000.

Mafi yawan masu aikin mata ne, don fari ya kori maza zuwa biɗa. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka riƙe diga da shebur. Mace ta Ibohaman ko Garhanga tana jera dutse a kan tudun da ba gonarta ba ce, amfanin kuma ya sauka ga rijiyar wani ƙauye can ƙasa. Gaskiya ne abincin da ake rabawa shi ya fara kawo su, mai yunwa ba ya aikin kyauta. Amma duwatsun da suka jera sun daɗe fiye da buhunan da suka karɓa. Inda mutanen gari suka ci gaba da gyara in ruwa ya fasa, aikin yana nan. Inda aka bar shi ba mai kula, kwazazzabo ya dawo.

Manomi da makiyayi

Tsakanin manomi da makiyayi akwai tsohuwar ma'amala. Bayan girbi, mai gona yakan roƙi Bafulatani ko Ba'abzine ya sauka a gonarsa. Dabbobi su ci kara, su bar taki. Mai gona ya ba da hatsi, matar makiyayi ta kawo nono. Akwai gidajen da suka gaji wannan abota tun kakanni, har makiyayi yana barin ajiyarsa a ɗakin manomi in zai yi arewa da damina.

Da mutane suka yi yawa, ƙasa ta matse. Gonaki suka ci burtali, wato hanyar dabbobi, suka kewaye mashaya. Manoma da yawa suka fara kwashe kara suna ajiye wa nasu bisashe ko su sayar. Makiyaya kuma, in ciyawar arewa ta ƙare da wuri, sukan gangaro tun amfani yana gona. Shi ya sa kowace shekara hukuma take sa ranar sakin gonaki. Kafin ranar, makiyayi ya tsare dabbobinsa. Bayan ranar, manomi ya san ya kwashe abinsa. Dokar ƙasar noma da kiwo ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda suke shata burtali. In an yi ɓarna, ƙa'ida ita ce a je wurin mai gari ko sarki, a duba gonar, a ƙiyasta, a biya.

Ran da aka tsallake wannan hanya, abin ba ya kyau. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi cikin gundumar Madawa, rigima ta tashi a kan dabbobin da suka shiga gona. Kafin a kashe wutar, mutum 18 a ƙalla sun rasa ransu, cikinsu har da mata da yara, an kuma ƙone gidaje. Ɓarnar gonar da aka fara faɗa a kanta, da an zauna an ƙiyasta, ba ta wuce a biya ta da ƴan dammuna ba.

Baƙin da suka zo Bangi

A ƙasar Bangin nan ce kuma aka ga wani abu dabam bayan shekara 5. Bangi tana bakin iyaka. Can ƙetare ƙasar Sabon Birni ce, cikin jihar Sakkwato. Mutanen gefen biyu Gobirawa ne mafi yawa, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Turawan Faransa da na Ingila ne suka raba su, suka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908.

Da ƴan bindiga suka matsa wa ƙauyukan gabashin Sakkwato da kisa da satar mutane da kwasar dabbobi, jama'a suka fara gudu. A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fiye da mutum 11,500 da suka ƙetaro. Mafi yawansu mata ne da yara. Ba sansani suka tarar ba. Cikin ƙauyuka 26 na ƙaramar hukumar Bangi suka sauka, wurin mutanen gari.

A shekarar nan damina ba ta yi kyau a Nijar ba. Masu masaukin da kansu rumbunansu ba su cika ba. Kuma baƙo ɗaya dabam, baƙi dubu dabam. Rijiyar da ke isar gari sai ta fara ƙafewa kafin hantsi. Itacen girki ya yi nisa. Layin likita ya yi tsawo. Taimakon gwamnati da na ƙungiyoyi ya zo, amma irin wannan taimako yana ɗaukar kwanaki: sai an zo an ƙidaya, an rubuta sunaye, an ɗauko kaya. Cikin kwanakin nan, abin da baƙo ya ci daga tukunyar mai masauki ya fito, tabarmar da ya kwanta a kai ma ta gidan ce.

Cikin baƙin akwai yara masu shekarun lakwal. Waɗanda suka taɓa shiga aji a can, da Ingilishi aka fara koya musu. Nan kuwa Faransanci ne a allo. Yaro ya zauna yana kallon bakin malam, bai san an ce ya buɗe littafi ba. Amma da shi da wanda ke zaune kusa da shi Hausa ɗaya suke yi. Sai na kusan ya sunkuya ya raɗa masa abin da aka ce, ya nuna masa shafin da yatsa, ya karya allinsa biyu ya ba shi rabi.